Mutumin da Ke Cewa Duka

Shekara goma sha bakwai ke nan ina zaune a ƙofar Rijiya, a kan kujera ɗaya, ina yi wa mutane tambaya ɗaya. Rijiya kulob ne na kiɗan rok a ƙarƙashin wani shagon ɗinki a bayan unguwar Hongdae a birnin Seoul, matakala ashirin da uku daga titi zuwa ƙasa. In an matsu yana cin mutum tamanin. Kafin ranar da zan ba da labarinta, sau huɗu na taɓa ganin an matsu. Ni ke karɓar kuɗin ƙofa, ni ke shara, ni ke kwashe kwalabe. Sunana Pyo Mal-sun, amma makaɗan wurin Goggo suke ce mini, har waɗanda furfura ta fara fito wa.

Tambayar ita ce, "Wa ka zo gani?" Kowace Asabar ƙungiya huɗu ke hawa dandamali, ni kuma ina da takarda mai sunayensu. Ka faɗi suna, in ja layi ɗaya a ƙarƙashinsa, in buga maka hatimi a bayan hannu, ka shige. Haka ake yi a ƙananan wuraren nan tun kafin in zo. Maigida Ma, mai kulob ɗin, yana da doka a kan takardar: ƙungiyar da ta kasa kawo mutum goma sau uku a jere, ta bar Asabar. Ba mugunta ba ce. Ƙungiya kusan arba'in ke jiran gurbi. Amma wanda ya fita daga layin Asabar ban taɓa ganin ya dawo ba. Sai su ce za su ɗan huta. Bayan wata shida ka ga gitar a shafin sayar da tsofaffin kaya.

Alkawarin da na ji a ƙofar nan zai cika babbar mota. "Zan zo ranar wasanku." "Zan kawo abokaina." Ni ba na rubuta alkawari. Ƙafar da ta sauko matakala nake rubutawa.

Ganzorig ya fara sauko mana ne da firji a bayansa. Firjin lemonmu ya mutu a tsakiyar zafi, Maigida Ma ya sayi na hannu, ya kira kamfanin masu kwashe kayan ƙaura su kawo. Mutum biyu aka turo. Ɗaya ya leƙa matakalar ya ce sai an ƙaro hannu. Ɗayan, gajere mai faɗin kafaɗa, shi ne Ganzorig. Ya zarga ɗamara ta ƙarƙashin firjin, ya juya masa baya, ya sauko da shi shi kaɗai, bai gogi bango ko sau ɗaya ba. Ya ajiye sabo, ya goya tsoho zai fita. A lokacin wata ƙungiya mai suna Karyayyar Lema tana gwada sauti don wasan yamma. Mai ganga ya fara, gita ta shigo, sai mutumin nan ya tsaya cak a matakala ta uku. Da mataccen firji a bayansa ya tsaya har waƙar ta ƙare, minti biyar ko fiye. Abokin aikinsa yana sama yana ta ƙwala masa kira. Da aka gama, ya ci gaba da hawa.

Wata Asabar bayan nan ya dawo cikin wankakkiyar riga.

Na ce, "Wa ka zo gani?"

Ya dubi takardar, ya waiwaya ya dubi makaɗan da ke zazzaune a matakala suna shan taba, ya ce, "Duka."

Na ja layinsa a gefen takarda, inda babu sunan kowa. Can nake sa masu cewa duka. Galibinsu baƙi ne 'yan yawon buɗe ido da suka biyo ƙara, su sha kwalba ɗaya, su ɗauki hoto, su fita. Na ɗauka ba zan sake ganinsa ba.

Shekara uku ya yi yana zuwa. Wurinsa ɗaya, can baya, kusa da tukunyar kashe gobara. Ba ya tsalle, ba ya ɗaga waya sama, ba ya shiga turereniyar da yara ke yi a gaba. Hannunsa a harɗe, kwalba ɗaya har a tashi. In an gama sai ya taya ni tara kujeru ba tare da na roƙe shi ba, kuma yana tara su daidai, ba irin tarin makaɗa ba.

A wajen tara kujerun nan na tsinci tarihinsa, yau kalma biyu, wata mai zuwa uku. Zorig muke ce masa. Ɗan Mongoliya ne, daga lardin Arkhangai. Tumaki da dawakai ya tashi yana kiwo. Wani hunturu ƙanƙara ta rufe ciyawa, dabbobinsu suka mutu a tsaye, abin da ya rage bai kai ashirin ba. Ya koma Ulanbato, babban birninsu, ya yi dako a kasuwa, daga nan ya zo nan. Matarsa da 'yarsa suna can, yarinyar tana karatun aikin jinya. Shekara tara yana ɗaukar firjin mutane da gadajensu daga bene zuwa bene. Harshenmu da ya iya na aiki ne: ɗaga, sauke, a hankali, akwai gilashi. Ya ce ya shiga gida ya fi dubu uku a Seoul, ya san abin da ke ƙarƙashin gadon mutane da bayan kabad ɗinsu, amma babu gidan da aka taɓa ce masa zauna.

Na taɓa tambayarsa me yake ji a wannan ƙarar, tunda da farko ko kalmomin ba ya ganewa. Ya ce in gitar Da-rae, mawaƙiyar Karyayyar Lema, ta ja dogon kukan nan, sai ya ji kamar iska a bayan tantin gidansu. Ban ƙara tambaya ba. Ni ban taɓa jin komai a ciki ba sai ciwon kai.

Karyayyar Lema mutum uku ne. Ok Da-rae ke waƙa da gita, da rana tana karɓar marasa lafiya a teburin wani asibitin haƙori. Bong Gi-cheol ke ganga, da rana yana raba kayan aike a mota, bakinsa ba ya hutawa. Na ukunsu mai gita ne mai kaurin murya, dogon mutum, a shekara takwas ban ji ya haɗa jimla biyu ba. Duk sun haura talatin da biyar. Masoyansu na da sun yi aure, sun haihu, sun koma bayan gari. Layukan da ke ƙarƙashin sunansu suka riƙa raguwa a hankali kamar gashin Maigida Ma.

A watan Disamba suka samu shida. A watan Janairu, bayan sun sauko, Da-rae ta zo wurina tana goge gumi da hannun riga.

"Goggo, nawa?"

"Tara."

Gi-cheol ya leƙo ta kafaɗarta. "Haba Goggo! Ɗaya fa! Ki sa kanki mana, ai kin ji mu."

"Ni aiki na zo. Da da hali da na toshe kunne."

"To kyankyason da ke bayan ganga fa? Shekara biyar bai fasa wasanmu ba."

"Ya zo ya faɗa da bakinsa."

Ya sa yatsa a gefen takardar, kan layi ɗaya tilo da ke can. "Wannan na waye?"

"Na Zorig. Ya ce duka."

"Ai namu ne! Kowa ya sani. Ki duba fuskarsa in muna kiɗa. Matso da layin nan kawai, wa zai gani?"

"Ni zan gani."

Da-rae ta ja shi. "Yaya, ƙyale Goggo. Tara ne, tara ne." Ta yi mini murmushi irin na teburin asibiti, ta ɗauki gitarta ta hau. Saura musu dama ɗaya.

Ban matsar da layin ba, kuma ko yau ba zan matsar ba. Ranar da na fara rubuta abin da ba a faɗa mini ba, takardar ta zama banza, kuma ƙungiya arba'in ɗin da ke jira su ma suna da haƙƙi a kanta. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Sai a ranar na lura cewa Zorig ba kowace Asabar yake zuwa ba. Sau ɗaya ne a wata, kuma ranar Karyayyar Lema ce kullum. Shekara uku ina jan layinsa a gefe, ban taɓa gaya masa abin da layin ke yi ba. Aikina tambaya ne, na ɗauka kowa ya san amfaninta. Kowa ɗan nan ya sani.

Yana cikin tara kujeru na ce masa, "Ajiye wannan ka zo."

Na nuna masa takardar. Na gaya masa dokar goma, a hankali, da kalmomi ƙanana. Na nuna masa tara, na nuna masa nasa a gefe.

Ya kalli takardar har na fara tunanin bai gane ba. Sannan ya ce, "Nawa ba ya shiga?"

"Ba ya shiga."

"Tun farko?"

"Tun farko. Me ya hana ka faɗi sunansu?"

Ya nuna matakala da haɓa. "Sauran suna zaune a nan. Suna ji. A wurinmu, in ka shiga tantin mutane, ba ka cewa wurin wane na zo. Kowa ka gaishe shi. Kakata za ta mare ni."

"Nan ba tanti ba ne. Nan in ba ka zaɓa ba, ba ka zo ba."

Kunnensa ya yi ja. Ya laluba aljihu. "In na biya na mutum goma?"

"Kawuna nake ƙirgawa, ba kuɗi ba. Kai mai kunne biyu, ya sauko da ƙafarsa, ya faɗi suna da bakinsa, kafin su sauka daga dandamali."

"Wace rana?"

Na duba kalandar bango. "Asabar ɗin ƙarshen Fabrairu. Su ne farko, ƙarfe shida. Minti talatin da biyar."

Shi ma ya matso ya duba, ba manyan lambobin ba, ƙananan da ke ƙasa, na lissafin wata. Na ga fuskarsa ta canza, na duba ni ma. Ranar ta faɗo a ɗaya daga kwanakin da tsofaffi ke cewa aljanin da ke bin kayan masu ƙaura ya hau sama, ba ya nan. Ko wanda bai yarda da aljani ba, uwarsa ta yarda, don haka rabin gari a ranar yake son tashi. Ga shi ƙarshen Fabrairu, gab da buɗe makarantu, ga shi Asabar. A duk shekara babu ranar da masu kwashe kaya ke shan wuya kamarta. Sukan kai tara na dare ba su ajiye ɗamara ba.

Bai ce zai zo ba. Bai ce zai kawo kowa ba. Ya koma ya ƙarasa tara kujerunsa ya tafi. Wannan shirun ne ya sa na ɗan sa rai, ni da ba na sa rai.

Ranar ta zo da sanyi da iska. Ƙarfe shida saura biyar, layi shida ne a ƙarƙashin Karyayyar Lema: matar Gi-cheol, 'yan asibitin haƙori biyu, ƙanen dogon nan, da tsofaffin masoya biyu da suka bar 'ya'ya wurin surukai. Mutum goma sha ɗaya ne suka yi wa Da-rae alkawari a waya. Ƙungiyar da za ta rufe wasa, yara 'yan jami'a, tana sa ran talatin da ɗaya, amma mutanensu suna sama a shagon kofi, ba za su sauko ba sai lokacin nasu ya yi. Gefen takarda babu komai. Wurin tukunyar kashe gobara babu kowa.

Gi-cheol ya wuce ni da sandunansa. "Goggo, in mun mutu yau, ke za ki riƙe hotonmu a gaban makara ranar jana'iza."

"Hau ka buga. Lokaci na tafiya."

Suka fara. Waƙa bakwai suke da ita.

Abin da ke faruwa a wancan gefen gari, daga baya na ji shi daga bakin Tak, shugaban ayarin su Zorig, wani tsoho mai muryar tsakuwa da ya shekara talatin a aikin. Ya ce washegarin ranar da na nuna wa Zorig takarda, mutumin ya same shi a gareji ya cire hula. Shekara tara bai taɓa roƙon komai ba, ko hutun ciwo, ko ranar da kabad ya fasa masa ɗan yatsa. Zorig ya ce yana son ayarin duka su gama da wuri ranar wasan, su raka shi wani wuri na rabin awa. Tak ya ce masa ya haukace, gida uku ke kansu ranar. Zorig bai yi musu ba. Daga ranar, duk wani abu mai nauyi, firji ne, injin wanki ne, piyano ne, kafin wani ya miƙa hannu ya riga ya goya. Sati biyar gadon bayan kowa yana hutawa sai nasa. A mota kuma ya riƙa kunna musu waƙoƙin Karyayyar Lema da ya ɗauka a waya, safe da yamma, har direban ya yi barazanar jefa wayar a kogin Han.

Ranar wasan suka fara tun biyar da rabi na asuba. Gida na farko suka gama kafin goma. A gida na biyu mai gidan ta yi odar taliya mai baƙar miya, kamar yadda ake yi wa masu kwashe kaya ranar ƙaura. Tak ya ce a shekara talatin bai taɓa barin wannan taliyar ba, ko ranar da aka haifi ɗansa sai da ya cinye. Ranar a tsaye suka zuba abin da ya samu cikin minti uku suka bar saura, matar tana ta tambaya ko ba ta yi daɗi ba ne.

Gida na uku a unguwar Mangwon yake, hawa na goma sha ɗaya. Suka isa uku da rabi, motar tsani mai ɗaga kaya zuwa bene ta jingina da taga, komai na tafiya. Sai uwar mijin mai gidan, tsohuwa 'yar tamanin, ta tare ƙofa da buhun gishiri a hannu. Ta ce ko cokali ba zai shiga ba sai tukunyar dafa shinkafa ta fara shiga, da shinkafa a cikinta, in ba haka ba gidan ba zai ga abinci ba. Ta yi gaskiya a al'ada, kowa ya san haka, kuma ana ajiye tukunyar a bakin mota don wannan. Amma saurin da suke yi ya sa an loda ta tun farko, can ƙuryar mota mai tan biyar, bayan kabad uku da katifu.

Tak ya ce ya roƙi tsohuwar, ya kira ta Uwa, ya kira ta Kaka, ya ce za a sayo sabuwar tukunya. Ta ce tsohuwar tukunyar take so. Sauke rabin mota zai ci awa guda. Sai Zorig ya cire rigar sanyi, ya hau saman kayan, ya kwanta rub da ciki a ɗan sararin da ke tsakanin kabad da rufin mota, ya riƙa jan jiki cikin duhu. Minti goma ba su ji motsinsa ba. Sannan ƙafafunsa suka fito, sannan shi, goshinsa na jini, rungume da tukunya. Tsohuwar ta karɓa, ta watsa gishirinta, ta ba su hanya. Har ta manna masa filasta da hannunta.

Ni ban san duk wannan ba. Ni dai ina kan kujerata ina kallon matakala. Waƙa ta uku ta wuce, ta huɗu ta wuce. Da-rae tana waƙa da ido a rufe, abin da ba ta saba yi ba. Maigida Ma yana bayan na'urar sauti yana kallon agogo, don shi ma ba ya son abin da zai yi. A waƙa ta biyar Gi-cheol ya ja bugunsa ya yi tsawo har ya fara zama abin kunya. Suka shiga ta shida.

Sai na ji ƙarar babbar mota tana ja da baya a titi, irin mai kiɗan gargaɗin nan. Na ji mai shagon ɗinki yana faɗa a kan an tare masa ƙofa. Sannan matakala ta fara rawa.

Mutum takwas ne, cikin rigunan aiki, safar hannu mai jan tafi tana leƙowa daga aljihu, warin gumi da ƙura ya riga su isowa. Tak ne a gaba.

Na ce, "Wa ka zo gani?"

"Ni jawo ni aka yi, Goggo. Buga hatimin nan, ƙafata na ciwo."

"Suna nake so."

"Kai, wannan mata! Masu lemar nan."

"Wace lema?"

Na bayansa suka haɗa baki, "Karyayya!"

"Karyayyar Lema," in ji Tak. "Sati biyar suna fasa mini kai a mota, gara in ga fuskarsu."

Na ja layi na bakwai. Direba, takwas. 'Yan Mongoliya biyu, kowanne ya faɗi sunan a hankali kamar mai amsa tambayar jami'in shige da fice. Tara. Goma. Layi na goman ya karkace, amma layi ne. Wani ɗan Uzbekistan, goma sha ɗaya. Mai motar tsani, wanda ba ma ɗan kamfaninsu ba ne, ya biyo su don ya ga ƙarshen abin, goma sha biyu. Matar da ke naɗe musu kayan kicin, sa'ata ce, da ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu, ta ce, "'Yar'uwa, akwai wurin zama? Karyayyar Lema, kafin ki tambaya." Goma sha uku.

Zorig ne na ƙarshe, da filasta a goshi. Yaran jami'ar nan suna zaune a matakala, sun matsa gefe suna kallo. Ya tsaya a gabana yana haki.

"Wa ka zo gani?"

Ya ce, "Karyayyar Lema." Da ƙarfi ya faɗa, har na bayan dandamali suka ji.

Na ja layin a inda ya kamata ya kasance tun shekara uku. Goma sha huɗu. Na ɗaga takardar sama don Maigida Ma ya gani daga inda yake. Ya gyara tabarau, ya duba, sai na ga ya miƙa hannu ya ƙara wa gita ƙarfi.

Zorig ya nufi tukunyar kashe gobara kamar kullum. Tak ya damƙi wuyan rigarsa. "Ina za ka? Na bar taliyata don ka laɓe a baya? Wuce gaba!" Suka tura shi har gwiwarsa ta taɓa dandamali.

Da-rae ta buɗe ido a ƙarshen waƙa ta shida ta ga bango na kafaɗu a gabanta. Ta dube ni. Na ɗaga yatsu goma, na ƙara huɗu. Ta juya wa mutane baya na ɗan lokaci tana gyara wayar gita da ba ta lalace ba. Gi-cheol ya ɗaga sanduna sama ya yi ihu, "Wa ya kira masu kwashe kaya? Ba mu tashi ba tukuna!"

Waƙa ta bakwai ita ce ta ranar firji. Masu kallonmu suna da ɗabi'a, in suna son waƙa ba kalmomin kaɗai suke rerawa ba, har kukan gitar suke bi da baki. Mutum shida ba sa iya wannan, kunya ke kama su. Rabon da a yi wa Karyayyar Lema haka an fi shekara huɗu. Da gitar ta ja dogon kukan nan, sai maza bakwai da mace ɗaya, waɗanda galibinsu suka sha shi sati biyar a mota, suka ɗauka gaba ɗaya, da muryoyin da suka saba kiran juna daga hawa na goma sha ɗaya. Kwalabe suka riƙa motsi a kan kanta. Yaran jami'a suka taso daga matakala, na shagon kofi suka ji suka sauko da gudu, ina tare su ina tambaya ɗaya bayan ɗaya. Da-rae ta saki makirfo ta bar wa ɗakin waƙar. Zorig yana gaba, hannunsa ba a harɗe ba, yana rera kowace kalma daidai. Ashe ya iya su duka. A shekara ukun nan a bakin Da-rae ya koyi rabin harshenmu, rabin da ba na ɗaga da sauke ba.

Wannan shi ne karo na biyar da na ga an matsu a Rijiya.

Da suka sauko, Da-rae ta tsaya a gabansa ta sunkuya har gashinta ya kusa taɓa ƙasa. Ta ce, "Yaya, shekara uku ban san sunanka ba." Ya faɗa mata. Dogon nan mai gita ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Na gode. Ƙwarai." Jimla biyu ke nan, na ƙirga. Ayarin ba su tsaya kallon sauran ba, akwai aiki washegari. Amma kafin su tafi suka kwashe kayan kiɗan Karyayyar Lema, abin da mutum ukun ke yi a sawu shida suna nishi, suka hau da shi a sawu ɗaya.

Ba su yi suna ba, kada wani ya ɗauka haka. Da-rae tana nan a teburin asibitin haƙori. Amma shekara biyu ke nan ba su sauka ƙasa da goma sha biyar ba. Matar kicin ɗin nan ba ta fasa ko wata ɗaya ba, tana zuwa da ƙawayenta da kujerar naɗewa. 'Yan Mongoliya sun ja wasu 'yan ƙasarsu daga unguwar Dongdaemun. Tak yana cewa ƙara ce kawai, amma yana zuwa. Ni kuma yanzu duk baƙon da ya ce mini duka, sai in ajiye biro in gaya masa abin da layin ke yi. Yana cin minti ɗaya. Da na san haka ne da na fara tun shekara goma sha bakwai.

Gwiwar Zorig ta hagu ta fara ba shi matsala, yanzu da bango yake sauko matakalar. Ya ce in 'yarsa ta gama karatu baɗi zai koma gida, ya sayi tumaki ko hamsin ne. Da-rae ta ce sai sun yi masa wasa na musamman kafin ya tafi. Wannan alkawari ne, ban rubuta ba tukuna.

Asabar ɗin da ta wuce ya zo cikin wankakkiyar riga. Na san amsar, amma aikina tambaya ne.

"Wa ka zo gani?"

Ya juya ga makaɗan da ke zaune a matakala, ya sunkuyar musu da kai ɗaya bayan ɗaya, ƙungiya uku, kamar mai neman gafara. Sun saba, suka ɗaga masa hannu. Sannan ya juyo gare ni ya faɗi sunan, na ja layi.